Ƙwayar Manaja da Gwiwar Kaka

Matakala arba'in da biyu ce daga bakin titi zuwa ƙofar gidansu Manaja. Ba ni na ƙirga ba, babanta ne ya ƙirga, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji adadin. Ni mai gashin ƙashi ce, ina bin gidaje ina miƙar da gaɓoɓin yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. Na shiga gidajen masu haƙuri, na shiga na mugaye, amma gidan da ya kusa kashe 'yarsa cikin fara'a, kowa yana yi wa kowa barka, wannan kaɗai na gani. Abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna rubutawa.

Manaja shekararta tara. Babanta ne ya laƙaba mata sunan, wai tana zaune a kujera kowa na yi mata hidima. Ƙafafunta a sanƙare suke, hannun dama a dunƙule a ƙirji, na hagu ne mai aiki, da shi take dukan tiren kujerarta idan tana son a kula ta. Kalmominta biyu ne a duniya, "a'a" da "ƙara", kuma da su take juya gidan. In na kama ƙafarta zan miƙar, takan zuba mini "a'a" har maƙwabtan ƙasa su san na iso. Ina son yarinyar nan, ba zan ɓoye ba.

Akwai lokacin da farfaɗiyarta ta yi tsanani, likita ya ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya, furednisolon, kullum da safe. Jijjigar ta lafa, amma ƙwayar ta zo da nata, wato ci. Cikin wata bakwai Manaja ta yi kumatu ta ajiye tumbi, "ƙara" ta zama tun safe har yamma. Benen kuwa ba shi da lif, na'urar hawa da mutane sama. Babanta malamin tuƙi ne, siririn mutum mai yawan lissafin abin da ba a tambaye shi ba, kuma shi ke goya ta ya sauko da ita duk ranar asibiti.

"Malama, ni bayana ne ma'auni," ya ce mini wata rana yana dafe da ƙugu. "Da a matakala ta talatin nake hutawa. Yanzu a ta sha biyu. In aka ci gaba a haka, a bakin ƙofa zan riƙa hutawa."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba sai bayan sati shida, amma ku gara ku sani tun da wuri. Wata rana suka zauna su uku, uban da uwar da Kaka, mahaifiyar uban, suka yanke shawarar a ba ƙwayar hutu. Ba wanda ya ce a daina, hutu suka ce, har yarinya ta ɗan faɗa. A jikin kwalin an rubuta da jan biro kada a tsayar da maganin lokaci guda. Uban ya karanta, ya ce likitoci haka suke rubutawa a kan komai don su tsorata mutane. Sai aka zo kan maganar asibiti, don duk zuwa ana duba katin maganin a ga ko ana sha. Kaka ta ce a bar mata wannan. Ita ba a zubar da magani a gabanta, ga gwiwarta shekara goma tana ciwo, kuma magani ai magani ne.

A sati na biyu na shiga gidan na ji shiru. Manaja na kujerarta, kanta ya langaɓe gefe, tana bina da ido. Na shimfiɗa ta a kan tabarmar aiki na kama ƙafar dama, wadda shekara biyu nake kokawa da ita. Ƙafar ta miƙe ba gardama. Na kama ta hagu, ita ma haka. Ko "a'a" ɗaya ban ji ba. Na zauna a kan dugadugaina ina jin kaina ya yi girma, na ɗauko littafina na rubuta, "An samu ci gaba sosai, sanƙarewa ta ragu." Har layi biyu na ja a ƙarƙashi.

Mamanta tela ce, keken ɗinkinta a falo yake. Ta ɗago daga kan keken ta ce, "Malama, hannunki akwai albarka. Jiya na yanka riga na ɗinka na goge a zama ɗaya. Shekara tara rabona da haka."

Na ce ai yin Allah ne, amma a raina na karɓi yabon duka.

Ranar kuma Kaka ce ta raka ni bakin ƙofa. Wannan tsohuwa da sai an kama ta take tashi daga kujera, da nake ɗan murza mata gwiwa kyauta in na gama da jikarta, ita ce ta miƙe tsam ta zare mini sakata. Na ce, "Kaka, yau gwiwar ta yi sauƙi ke nan?" Ta ce, "'Yar nan, ke dai bari." Ta yi wani murmushi na mai ɓoye abu a haɓar zane.

A sati na uku Manaja ta fara kawar da kai daga cokali. Abin da ya shiga kuma sai ya dawo. Na tarar da uwar tana goge amai a tiren kujera, na tambayi tun yaushe.

"Kwana uku. Ai irinsu haka suke, cikinsu ba ya riƙe abu."

"Da yana riƙewa," na ce.

"Da yana riƙewa fiye da ƙima," uban ya amsa daga bakin ƙofa. "Yanzu jikin yana gyara kansa ne. Mota ma in ka cika mata tanki sai ta zubar."

Kaka tana kicin tana ci a tsaye, abin da jikar ta ƙi ci shi take gamawa. Ta leƙo ta ce yarinyar hankali ta fara yi, ta san mace ba ta cika ciki.

Da safe, in ji uwar, sukan same ta jiƙe da gumi, jikinta na ɗan karkarwa, sai an ɗura mata shayi mai suga take buɗe ido sosai. Wannan ma an samo masa gida, an ce tsohon ciwon ne yake leƙowa. Barcin da take yi wuni guda an ce girma ne. Nishin da take yi in an taɓa cikinta an ce shagwaɓa ce. Duk abin da jikin yarinyar nan ya faɗa, akwai mai amsa a gidan, kuma ba ta da bakin cewa ƙarya ne. Ni ma da nake ganin na yi karatu, abin da na ce kawai shi ne a faɗa wa likita ranar asibiti.

Kaka kuwa sai haske take yi. Fuskarta ta cika, yamutsin ya baje. Ta fara sauka matakalar nan arba'in da biyu ta je shagon ƙasa ta sayo sabulu ɗaya, ta hau, ta sake sauka ta sayo ashana, don kawai a gan ta. Ta juya kujerun falo sau biyu a sati ɗaya. Matan benen suka riƙa zuwa kallonta suna tambayar sirri, tana ce musu tsarkin zuciya ne.

Ranar asibiti uwar ta ce in raka su in nuna wa likita ci gaban da aka samu. Na ɗauki littafina na bi su. Uban ya sauko da Manaja a baya, da ya iso ƙasa ya juyo yana washe baki.

"Ban huta ba, Malama. Ko sau ɗaya."

Likitar mace ce, sabuwa a sashen, mai yawan tambaya. Ta ɗora Manaja a ma'auni, ta duba fayil, ta sake ɗora ta. Kilo huɗu ya tafi. Ta auna jininta a hannun hagu, ta ɓata fuska, ta kwance ta ɗaura a na dama.

"Tana shan ƙwayarta?"

Uban ya matso gaba. Ya zaro katunan maganin daga aljihu ya jera su a kan tebur, kowane rami a fashe.

"Ga shaida, Likita."

Ta daɗe tana kallon katunan, ta koma kan yarinyar. Ta ce, "Wannan jikin bai yi mini kama da na mai shan wannan maganin ba."

Nan ne na tsoma baki, Allah ya yafe mini. Na ce gidan nan na san su, masu kula ne, kuma laushin jikin da take gani aikin gashi ne. Na buɗe mata littafina har wurin da na ja layi biyu. Ta karanta, ta rufe, ta miƙo mini a hankali.

"Malama, yaro mai ƙafa in ya daina gudu, kowa zai lura," ta ce. "Mai baki in ya daina surutu, ranar za a kawo shi. Irin su Manaja kuwa, duk abin da ya same su sai a ce lalurarsu ce. Ni ban yarda da wannan laushin ba."

Ta rubuta takardar gwajin jini. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke samarwa, da safe yake kaiwa ƙololuwa, da yamma yana ƙasa ko a jikin mai lafiya, don haka sai ƙarfe takwas na safe gwajin ke faɗar gaskiya. A kawo ta gobe. In kuma ta yi zazzaɓi ko aman ya ƙaru, kada a jira gobe. Ta rubuta lambar wayarta a bayan takardar.

Ƙarfe takwas kuwa shi ne tsakiyar kasuwar malamin tuƙi, lokacin 'yan koyo ke son fita kafin rana ta yi zafi. Sai ya kai ta ƙarfe huɗu na yamma, bayan kwana biyu. Da na zo gidan na same shi yana huci, yana neman wanda zai ba labari.

"Malama, ki ji mini rainin hankali. Na hau na sauko da yarinya, na kai ta, mai ɗibar jini ya ce ba zai ɗiba ba, wai jinin safe ake so. Na ce da na safen da na yamman ba duk a jiki ɗaya suke ba? Ko akwai wanda ke zuwa da rana ya sauya mata? Na ce to ya ɗiba ya rubuta ƙarfe takwas, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Ka ji mutum."

"To gobe da safe fa?"

"Gobe ina da mata uku a jere, ɗaya jarrabawarta ta kusa. Sai dai ƙarshen mako."

Ƙarshen mako ɗakin gwajin a rufe yake. Sati na gaba mota ta shiga gareji, da ta fito 'yan koyo sun taru. Takardar aka manna a jikin firji, duk wanda zai sha ruwa sai ya gan ta. Na ce zan kai Manaja da kaina a tasi, uwar ta ce babanta ba zai ji daɗi ba, sai a ce ya kasa da 'yarsa. Na ci gaba da miƙar da ƙafafun da ba sa buƙatar miƙarwa.

A sati na shida na shigo da hantsi na tarar da Kaka a kan kujerar katako tana goge fankar sama. Na ce ta sauko kafin ta karye. Ta diro da ƙafa biyu, ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta.

"'Yar nan, kin yi mini alheri da yawa, kuma na ji kin ce tsohuwarki ma gwiwa ta hana ta sakat. Ungo, kai mata. Ɗaya da safe. Amma kada ki faɗa wa matan benen nan, su ba su da godiya."

Ta danƙa mini katin magani. Na juya shi, sai ga 'yar takardar asibiti a manne, da lambar fayil ɗin Manaja.

"Kaka, tun yaushe kike shan wannan?"

"Tun da aka ba yarinyar hutu."

Ban san lokacin da na isa ɗakin Manaja ba. Tana kwance, leɓɓanta sun yi fari, goshinta zafi, hannuwanta sanyi ƙalau. Na kira ta, na jijjiga ta, na matse mata farce, da ƙyar gira ta motsa. Uwar ta biyo ni da almakashi a hannu, ta ce mura ce ta kama ta tun jiya, ta bar ta ne ta huta.

"Kun tsayar mata da magani sati shida?"

"Ba tsayarwa aka yi ba, Malama. Hutu ne."

Na fizge takardar daga jikin firji na kira lambar da ke baya. Na faɗa wa likita komai a numfashi ɗaya. Ta ce, "Ki ɗauko ta yanzu. Kada ki tsaya neman takalmi."

Na saɓa ta a kafaɗa na sauka, uwar na bina. Ba ta da nauyin komai, wannan ya fi ba ni tsoro fiye da farin leɓen. A ƙasa muka tarar da uban ya zaunar da ɗan koyonsa a gaban sitiyari, wani dattijo da ya yi ritaya ya ƙudiri aniyar iya mota kafin ya bar duniya. Darasinsa na huɗu ke nan. Na ce asibiti, yanzu.

"Ku shiga baya," uban ya ce. "Ai asibitin a kan hanyarmu yake."

Na ɗauka zai zagaya ya karɓi tuƙin. Sai ya shiga gefen fasinja ya ɗaura bel.

"Lokacinsa ne, Malama, ba a cin haƙƙin mutum. Baba, duba madubi, sa giya ta ɗaya."

Haka muka tashi, motar na tsalle tana tari, mai keke ya wuce mu yana waiwaye. Ina riƙe da wuyan hannun Manaja ina neman bugun jini, yana zuwa yana ɓacewa. A danja motar ta mutu. Dattijon ya tayar, ta sake mutuwa. Na baya suka cika titi da oda.

"Kada ka kula su, Baba," uban ya ce cikin muryarsa ta aiki, mai sanyi. "Kowa da haka ya fara. Saki kulochi a hankali, kamar kana cire ƙafa daga ruwa."

"'Yarka mutuwa take yi!" na ce.

"Malama, in kina ihu zai rikice."

Dattijon ne ya waiwayo. Ya kalli yarinyar a cinyata, ya kalli malaminsa.

"Malam, wannan yarinyar taka ce?"

"Tawa ce."

"To ni na fasa darasin."

Ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa a tsakiyar titi, ya fita ya tsaya a gefe yana ɗaga wa motoci hannu. Dole uban ya zagaya. Kuma mutumin nan ya iya mota, wannan ba zan hana shi ba, cikin minti bakwai muka isa.

Likita na jiranmu a ƙofar sashen gaggawa. Aka soki yatsan Manaja, na'urar auna suga ta ƙi ba da lamba saboda tsabar ƙasa da ya yi. Aka ɗaura na'urar auna jini, ita ma da ƙyar. Likita ta ɗebi jini a kwalba, ba ta jira sakamako ba ta tura allura a jijiya, aka rataya ruwa mai suga, aka kore mu waje. Muna zaune a benci Kaka ta iso, wai da ƙafa ta zo daga tashar mota, ko haki ba ta yi.

Bayan awa biyu likita ta fito. Kafin ta yi magana idonta ya sauka a kan cikakkiyar fuskar Kaka, ta tsaya kallonta, ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar tambaya. Sannan ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙaramin abu, adirinal, shi ke samar da sinadarin da ke riƙe suga da jini, shi ke tsayawa wa jiki idan ciwo ya zo. In an daɗe ana ba mutum irin ƙwayar nan, sai su daina aiki, tunda ana kawo musu daga waje. Shi ya sa ake rage ta kaɗan-kaɗan, a ba su lokaci su tashi. Manaja an yanke mata na waje rana ɗaya, na cikin bai tashi ba. Sati shida tana rayuwa babu abin da ke riƙe ta, sai ga mura.

"Da kun ƙara awa ɗaya, da ba wannan maganar muke yi ba," ta ce.

Uban ya gyara zama. "Likita, ni fa ban ce a daina ba. Kuma da an ce mini maganin zai sa ta yi nauyi haka, da tun farko an yi shawara. Ba wanda ya tambayi bayana."

Uwar ta ce cikin kuka ita ta ga yarinyar ta samu natsuwa, ta ɗauka sauƙi ne, wace uwa ce ba ta son 'yarta ta yi barci? Kaka ta ce ita dai ba ta saci komai ba, abin da za a zubar ta tsince. Ni kuwa littafina na cikin jaka yana ƙona mini cinya.

Likita ta juya ga Kaka ta ce ita ma yanzu ba za ta daina rana ɗaya ba, sai an rage mata a hankali, kuma a kawo ta gwaji ƙarfe takwas na safe kafin ta sha ta ranar.

Washegari na zo duba Manaja da sassafe. Bakwai da rabi na wuce ta gaban ɗakin gwaji, sai ga malamin tuƙi a farkon layi, ya zaunar da Kaka a kujera yana yi mata fifita da takardar. Na ce, "'Yan koyon fa?" Ya ce ya sallame su duka.

"Uwa ce fa, Malama," ya ce, yana mamakin tambayar.

Manaja ta buɗe ido a rana ta biyu. Sakamakon jininta ya fito, sinadarin kusan babu. A rana ta biyar ta fara karɓar cokali, a ta bakwai na kama ƙafarta na ji ta sanƙare mini a hannu, na yi murna da sanƙarewar nan har hawaye. Na ja ƙafar da ɗan ƙarfi ina jiran ta zage ni da kalmarta. Ta bi ni da ido kawai. Hannun hagu yana kwance a kan zane, na ɗora shi a kan tire, ya zauna inda na ajiye shi.

Likita ta ce sugan ya daɗe a ƙasa, wataƙila safiya da yawa ba ranar kaɗai ba, kuma ba ta san abin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba. Ta tambayi iyayen ko yarinyar ta koma yadda take.

"Ai haka take dama," uban ya ce.

Na ce ba haka take ba, tana da kalma biyu, tana da hannu. Ya ce wannan ai ba magana ba ce, ƙara ce kawai irin tasu. Likita ta tambaye ni kalmomin, na faɗa, ta rubuta su a fayil. Fayil ɗin ya kai kaurin bulo, shekara tara ana cika shi, kuma ranar ce farkon da aka rubuta cewa yarinyar nan ta taɓa magana.

Ranar sallama likita ta tara mu ta ajiye jakar magani a tebur. Ta ce sabuwar ƙwaya ce, sau uku a rana, ba fashi ko na sau ɗaya har sai gwaji ya nuna jikin ya karɓi aikinsa, wata shida ko shekara. In zazzaɓi ya zo a ninka. In ta yi amai ta kasa riƙewa, ga allura, a yi mata a cinya kafin a nemi mota. Ta ce tana son mutum ɗaya, da sunansa, wanda zai riƙe jakar nan.

Uban ya ce shi wuni yake a titi. Uwar ta ce ita hannunta rawa yake in ta ga allurar asibiti. Likita ta kalle ni, na ce Talata da Juma'a kaɗai nake zuwa gidan. Sai Kaka ta ɗaga hannu.

"Ku ba ni. Duk gidan ba wanda ya kai ni kiyaye lokacin magani, sati shida ban taɓa fashi ba."

Likita ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kama hannun uwar ta sa ta soka allurar gwaji a jikin lemo sau biyar, har rawar hannun ta ragu, sannan ta rataya mata jakar a kafaɗa da kanta. Ta ce ta rubuta wa ofishin kula da yara, za su zo duba gidan, sun ba da rana nan da wata uku.

Na raka su har wurin mota. Uban ya kwantar da Manaja a kujerar baya, ya ce uwar ta riƙe kanta. Uwar ta duba hannuwanta, ga filas, ga bargo, ga jakar kaya. Ta sauke jakar maganin daga kafaɗa ta miƙa ta gaba.

"Inna, riƙe wannan a wurinki. Kin fi ni tunawa."

Kaka ta karɓa ta buɗe, ta ɗaga kwalin sabuwar ƙwayar tana duba shi a hasken rana, ta tambayi ɗanta ko wannan ta fi waccan ƙarfi. Ya ce bai sani ba, ta rufe ƙofa za su tafi. Na tsaya a wurin har motar ta fita daga get. Ranar Asabar ce, ni kuwa sai Talata zan hau benen.